Bruce Onobrakpeya: ɗalibin Zariya da ya sassaƙa tatsuniya, ya buga ta a takarda

Babu ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa da bai san darajar hatimi ba. Takardar da ba a buga mata shi ba, ko ta duwan ce ko ta gidan magajin gari, ba ta kai mai ita ko'ina. Amma ba kowa ne ya taɓa juya hatimin ya dubi ƙarƙashinsa ba. Wanda ya duba zai tarar da rubutun a birkice, dama ta koma hagu, kuma an rarake duk wurin da ba a so tawada ta taɓa, an bar haruffa kaɗai a tsaye. Da zarar an danna shi a tawada an danna a takarda, sai rubutu ya fito daidai, kuma haka zai riƙa fitowa sau ɗari, sau dubu, muddin robar ba ta cinye ba. A kan wannan dabara aka gina wata babbar sana'a ta masu zane, wadda za a iya kira bugun zane: mutum ya sassaƙa hoto a kan katako ko leda ko ƙarfe, ya shafa masa tawada, ya buga shi a takarda.

A duk faɗin Afirka ta Yamma da wuya a sami wanda ya kai Bruce Onobrakpeya suna a wannan sana'a. Mutumin Nijeriya ne, ɗan ƙabilar Urhobo ta wajen bakin teku, amma a ƙasar Hausa ya yi karatun zane, a birnin Zariya. Ya kwashe fiye da shekara 60 yana buga hotunan tatsuniyoyin kakanninsa, da gonaki, da dazuzzuka, da mutanen Sahel, har ayyukansa suka shiga manyan gidajen ajiyar kayan fasaha na Landan da Washinton da fadar Paparoma. Labarinsa ya kamata ya tsaya wa mutanen Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela a rai, domin kayan da ya yi jari da su, wato tatsuniya da yanayin karkara, ga su nan zube a wannan yanki ba mai ɗauka, kuma kullum raguwa suke yi.

Daga bakin teku zuwa Zazzau

An haifi Onobrakpeya ranar 30 ga watan Agusta na shekarar 1932 a garin Agbarha-Otor, cikin jihar Delta ta yanzu. Mahaifinsa masassaƙi ne, saboda haka a gida ya fara ganin yadda ake fitar da sura daga itace. Daga baya iyayensa suka koma birnin Benin na kudancin Nijeriya, garin da ya shahara da maƙeran tagulla. A nan ya yi lakwal, a nan kuma ya fara koyar da zane. A watan Oktoba na 1957 ya sami shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

A wannan lokaci yawancin malaman sashen zane Turawan Ingila ne, kuma abin da ake koyarwa a makarantun ƙasarsu shi suke koyarwa: yadda ake auna jikin mutum, yadda ake nuna kusa da nesa, yadda haske ke sauka a kan tulu ko kujera. Ilimi ne mai amfani, sai dai sassaƙar Benin da adon bangon Zazzau ba su da wani matsayi a cikinsa. Saboda haka a shekara ta 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da shi Onobrakpeya. Daga baya aka laƙaba musu suna ƴan tawayen Zariya, alhali ba su bar aji ba, ba su kuma jefi kowa ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne a karɓi kayan aiki da dabarun Turawa, a zuba musu abin gida. Uche Okeke ya rubuta wannan manufa a 1960, shekarar da Nijar da Nijeriya suka sami mulkin kai, ɗaya a watan Agusta, ɗaya a watan Oktoba.

Kowane ɗan ƙungiyar ya waiwayi gidansu. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Grillo ya koma ga rayuwar Yarbawan Ikko. Onobrakpeya kuwa ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Har ila yau garin Zariya kansa makaranta ne ga mai ido: ga ganuwa, ga marina, ga duwatsun Kufena, ga garken Fulani a bayan gari, ga masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ga zanen da magina ke fitarwa da laka a fuskar zaure. Hotunan arewa da irin wannan ado sun shiga ayyukansa na farko, ba su kuma rabu da shi ba. Da ya gama karatu a 1962 sai ya tafi Ikko, inda ya koyar da zane a Kwalejin St Gregory daga 1963 har zuwa 1980.

Yadda ake aikin

Hanyoyin bugun zane suna da yawa, amma uku sun isa a fahimci sana'ar. Ta farko ita ce irin ta hatimi. Mai zane zai sami allon katako mai laushi, ko wata leda mai kauri irin ta shimfiɗa a ɗaki wadda ake kira lino, ya zana hotonsa a birkice, sa'an nan ya bi da ƴar wuƙa ya kankare duk inda yake so ya fito fari. Sai ya mulke abin da ya rage da tawada, ya ɗora takarda, ya goga bayanta da bayan cokali. Idan yana son launi uku, sai ya sassaƙa allo uku, ya buga su ɗaya bisa ɗaya a kan takarda guda. Wannan hanya ba ta bukatar inji ko lantarki.

Ta biyu kishiyar ta farko ce. Ana shafe farantin tutiya ko na jan ƙarfe da wani abu mai kama da kakin zuma, a karce hoto a kai da allura, a tsoma farantin cikin ruwan asid. Asid ɗin zai ci ƙarfen a inda allura ta bi kaɗai. Bayan an wanke, sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman fes, a ɗora takarda mai ɗan danshi, a bi da ita tsakanin ƙarafan inji masu matsewa. Takardar ce ke shiga ramukan ta tsotso tawadar. Ta uku kuwa kamar rariya take: a ɗaure ƙyalle mai ƙananan huji a jikin katako, a toshe inda ba a son launi ya wuce, a ja tawada a kai. Da ita ake buga rigunan jam'iyyu da na ƴan ƙwallo, kuma samari da yawa a garuruwan Nijar suna cin abinci da ita.

Sana'ar ta daɗe a duniya. A ƙasar Sin an buga wani littafi da allunan katako tun shekara ta 868, har da hoto a farkonsa. A Jamus kuma, a 1515, Albrecht Dürer ya zana hoton karkanda, dabbar da bai taɓa gani da idonsa ba, sai kwatance da wani zane da aka aiko. Ya yi mata sulke kamar barde, kuma saboda an buga hoton da yawa ya bazu, mutanen Turai suka yi fiye da shekara 200 suna zaton haka karkanda take. Wannan ya isa ya nuna cewa hoton da aka buga yana zuwa inda mai shi bai taɓa takawa ba, da gaskiyarsa da kuskurensa.

Ɓarnar da ta zama baiwa

Fenti Onobrakpeya ya karanta a Zariya, ko da yake tun can yake taɓa sassaƙar leda. Abin da ya ƙara karkata shi ga bugun zane shi ne horon da wani gwani ɗan ƙasar Holan, Ru van Rossem, ya bayar a garin Oshogbo a 1964, inda ya koyi aiki da farantin ƙarfe. A 1967 ya tsoma wani faranti cikin ruwan asid da bai dace da shi ba, asid ɗin ya ci ƙarfen fiye da kima, ya yi masa rami-rami. A wurin malamin makaranta mai ɗan albashi, farantin ƙarfe ba abin yarwa ba ne. Sai ya nemo gam mai ƙarfi, irin wanda ake kira Araldite, ya cike ramukan. Da ya gwada bugawa sai ya ga gam ɗin da ya daskare ya yi tudu da kwari, takarda kuma ta fito da hoto mai kauri wanda hannu ke ji in an shafa. Hausawa na cewa wani hani ga Allah baiwa ne. Daga nan ya riƙa zuba gam ɗin da gangan a kan faranti, yana sassaƙa shi bayan ya bushe, ya kuma raɗa wa dabarar suna filastogiraf. Ita ce ta fitar da sunansa duniya.

Bai tsaya nan ba. Ledar da ya gama bugu da ita, maimakon ya jefar, sai ya shafe ta da ruwan tagulla ya kafa a katako, ta zama abin ratayawa a bango mai kama da aikin maƙeran Benin. Ya kuma riƙa danna fallen gorar ruwa a kan farantinsa ya fitar da hoton a jikin ƙarfe mai ƙyalli. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya ƙirƙiro waɗansu alamomi da ya kira ibiebe, kowace tana ɗauke da wata ma'ana ko karin magana na Urhobo, yana cusa su cikin hotunansa kamar yadda maɗinki ke cusa aska takwas a gaban riga.

Kunkurunsu, Gizon Hausawa

A tatsuniyoyin Urhobo kunkuru ne sarkin wayo. Sunansa Ahwaire, kuma matsayinsa ɗaya da na Gizo a wurin Hausawa: ƙaramin jiki, babban kwaɗayi, dabarar da sau da yawa kan komo kan mai ita. Hotunan Onobrakpeya na farko da suka yi suna, na Ahwaire ne da abokan rigimarsa, sai kuma wani na 1965 mai nuna damisa a gonar masara. Wahalar zana tatsuniya ita ce ba ta da fuska guda. Yaro goma in suna sauraron kakarsu da dare, dodo goma ne a kawunansu. Shi kuwa Onobrakpeya bai nemi ya yi hoto irin na mai kyamara ba. Yakan cika takardar da layuka da ɗigo-ɗigo da zobba, kamar yadda masassaƙin ƙwarya ba ya barin fili, har mutum da itace da aljan su sarƙe da juna, mai kallo ya daɗe yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan gwaninta ta sa masu buga littattafai suka neme shi. Shi ya yi hotunan littafin Chinua Achebe mai suna No Longer at Ease, da na fassarar da Wole Soyinka ya yi wa labarin mafaraucin nan na D. O. Fagunwa, wadda ta fito a 1968. Wanda ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, na shekarar 1962. Labarin a ƙasar Hausa yake, kuma masana sun nuna irin kamar da ke tsakaninsa da Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a shekarun 1930. Ɗalibai masu yawa a makarantun Afirka ta hannun wannan Ba'urhobe suka fara ganin attajirin Hausa da rawaninsa a shafin littafi.

Dodannin Sahel

Dattawan Adar da Ƙwanni ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, balle na 1984. Wannan na biyun ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, wadda ta kasance a rufe daga watan Afrilu na 1984 har zuwa Maris na 1986, abin da ya sa mutane suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun zama wayam, jama'a suka kwarara kudu, waɗansu har Ikko, inda Buzaye da yawa suka koma gadin gidaje. A daidai waɗannan shekaru ne Onobrakpeya ya juya fuskarsa arewa. Daga 1985 zuwa 1988 ya yi jerin ayyukan da ya kira Sahelian Masquerades, wato dodannin Sahel, aka kuma tara su a littafi a 1988. Jigonsu shi ne gurgusowar hamada, da jimirin mutanen da ke zaune a bakinta. Mutumin da aka haifa a ƙasar ruwa da kwakwar manja ya ga cewa masifar makiyayi da manomin gero abin a rubuta ce a ƙarfe, don kada ta wuce ba shaida.

Haka ya yi wa ƙasarsa ta haihuwa bayan an rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a watan Nuwamba na 1995: ya yi jerin ayyuka kan ɓarnar da haƙar man fetur ta yi wa koguna da gonakin yankin Delta. Mai bugun zane, ashe, ba abin dariya da na ado kaɗai yake ajiyewa ba. Yana ajiye shaidar yadda ƙasa take a zamaninsa, don jikoki su gwada da abin da suka tarar.

Duniya ta yaba masa. A 1989 Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa. A 1990 ya sami yabo na musamman a babban bajekolin fasaha na birnin Benis a Italiya. A 2006 gwamnatin Nijeriya tare da hukumar UNESCO suka sa shi cikin mutanen da ake ɗauka taska ce mai rai, a 2017 kuma ya karɓi lambar ƙasa ta masu zurfin ilimi. An baje ayyukansa a Atlanta a 2023, da Washinton a 2024. Amma aikin da ya fi barin baya mai kyau shi ne taron horon da ya kafa a garinsu a 1998, wanda ya sa wa sunan hunturu, iskar nan da ke tasowa daga Sahara ta ratsa Nijar kafin ta kai gare su. A wannan taro gwanaye da ƴan koyo, masu digiri da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, suke zama wuri guda suna aiki.

Lissafin ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa zai tambaya ina ribar take. Ribar tana cikin yawan. Mai fenti yakan yi wata guda a kan hoto ɗaya, ya jira mai kuɗi ɗaya. Mai bugun zane kuwa in ya gama sassaƙa allonsa zai iya buga hoto 50. A ƙasan kowane zai rubuta lambarsa da fensir, misali 12/50, wato na goma sha biyu cikin hamsin, ya sa hannu. In an cika hamsin ɗin, ƙa'ida ita ce a lalata allon ko a yi masa alama, don kada a ƙara. Wannan amana ce tsakanin mai zane da mai saye, kuma ita ke riƙe da darajar kayan. Wanda ya ci ta sau ɗaya ya kashe kasuwarsa da hannunsa. A ƙaddara hoton fenti guda ana neman jikka 100 a kansa: malamin lakwal ko ma'aikacin asibiti ba zai ko taya ba. Amma in an buga 50 aka sayar da kowane jikka 5, ƙaramin ma'aikaci ya samu, mai zane kuma ya tashi da jikka 250.

Akwai misali daga wata ƙasa mai nisa wadda yanayinta ya yi kama da na Sahel. A arewa maso gabashin Barazil, yankin da fari ya saba addaba, an yi wani mutum mai suna José Francisco Borges, wanda aka fi sani da J. Borges. An haife shi a garin Bezerros a 1935, ya rasu a 2024, kuma bai yi wani dogon karatu ba. Ƙananan littattafan waƙoƙi yake rubutawa yana sayarwa a kasuwanni. Da ya ga ba shi da kuɗin biyan mai yi masa hoton bango, sai ya ɗauki wuƙa da katako ya sassaƙa da kansa. Hotunansa na makiyaya, da masu gudun fari, da tsuntsaye, da aljanun tatsuniya suka zo suka fi littattafan kasuwa, aka baje su a Amurka da Turai, ƴaƴansa kuma suka gaji sana'ar. Wuƙa da katako da tawada ne duk jarinsa na farko.

Abin da ke zube a Ƙwanni, Malbaza da Illela

Duk wanda ya bi hanyar Ƙwanni zuwa Tawa ya ga rumbunan laka na Adar, manya-manya masu ciki kamar randa, suna tsaye rukuni-rukuni a bakin kowane ƙauye. Ya ga gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. A gundumar Malbaza ga gonakin albasar Galmi, wadda sunanta ya kai kasuwannin Abijan da Akara, ga kuma masana'antar siminti da ke tsaye tun shekarun 1960. A Ƙwanni ga fadamun noman rani da ruwan madatsar Mozage ke shayarwa, ga layin manyan motoci a bakin iyaka, ga bukin arwa na Massalata, ga tarihin ranar baƙin cikin nan ta watan Mayu na 1899 da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone birnin. Ga kuma kokowa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya ci allo goma.

Hannun da za su yi aikin ma akwai su. Masassaƙin ƙwarya ya riga ya iya kankare wuri ya bar wuri. Baduku ya saba danna ƙarfe a fata ya fitar da ado. Mai zayyanar allon sauka ya san auna layi da haɗa launi. Mai yanka hatimi a bakin ma'aikata kullum a birkice yake rubutu. Kuma yankin ya taɓa nuna abin da gwanin ƙauye zai iya: masallacin Yama, a gundumar Illela, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu daga 1975 zuwa 1982, kowace da irin surarta, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Manoman Illela su ma sun yi irin abin da ɗaliban Zariya suka yi. A 1989 waɗansunsu suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake faɗaɗa ramin shuka a zuba masa taki, suka komo suka gyara tassar da suka gada, suka rayar da faƙon da aka daɗe da sallamawa. Dabarar waje ce ta haɗu da sanin gida.

Akwai waɗanda ke ƙyamar zana abu mai rai saboda addini, kuma wannan magana ce da ke hannun malamai. Sai dai sana'ar ba ta rataya ga surar mutum ko dabba ba. Rumbu, da masallaci, da rijiya, da gawo, da dagi, da zanen ƙwarya, da karin magana cikin kyakkyawan rubutun ajami, duk abin bugawa ne, kuma duk abin saye ne.

Abin da ke neman kuɓucewa

Tatsuniya, wadda mutanen wannan yanki ke kira gatana, a baki take zaune, kuma bakin da ke riƙe da ita na tsofaffin mata ne. Dandalin da ake yin ta da farin wata yanzu talabijin da wayar hannu sun raba shi da yara. An yi ƙoƙarin ceto ta a rubuce tun da daɗewa. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba J. F. Schön labaran da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi cikin littattafai uku daga 1911 zuwa 1913. Bubu Hama ya tara na Nijar, cibiyar CELHTO kuma a Yamai ta naɗi muryoyin masu ba da labari. Amma yawancin wannan dukiya a ɗakunan ajiya take, ba ta isa hannun yaron Dogerawa ko na Badagishiri ba. Yaro kuwa da hoto ake jawo shi ga karatu. Littafin Gizo da Ƙoƙi mai hotunan da aka sassaƙa a Ƙwanni, da rumbu irin na gidansu da kura irin ta dajinsu, zai shiga ransa fiye da wanda aka zana a wata nahiya.

Nan ne maganar ta zo kan masu karatun wannan shafi. Ƴan kasuwa da yawa sukan buga kalanda a farkon shekara su raba wa abokan ciniki, kuma galibi hotunan da ke ciki na biranen da ba wanda ya taɓa zuwa ne. Da attajiri guda zai ba wani saurayi mai hannu aikin hoto goma sha biyu na karkarar Adar, da ya sami kalandar da ba irinta, saurayin kuma ya sami jarin fara sana'a. Shugabannin makarantu da masu kula da gidajen matasa da al'adu za su iya haɗa masassaƙin ƙwarya da malamin zane da ƴan lakwal na mako guda a lokacin hutu. Kayan da ake bukata guntayen katako ne daga wurin kafinta, da wuƙaƙen da maƙerin gari zai ƙera, da gwangwanin tawada daga maɗaba'a. Ma'aikatan gwamnati kuma, waɗanda bangon ofisoshinsu ke tsaye fayau, su ne masu sayen farko da kowace irin wannan sana'a ke bukata kafin ta tsaya da ƙafarta. Sakkwato ba ta kai kilomita 100 daga Ƙwanni ba, kuma sashen zanen da ya yaye Onobrakpeya yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake jin Hausa, inda kuma ɗan Nijar ba baƙo ba ne.